Tarin Kawu da Aka Sa a Rediyo

Kawuna mai injin niƙa ne, yayan mahaifiyata. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin layi, tsakanin mai facin taya da wata mai sayar da gawayi. Inji biyu ne a ciki, babba na hatsi da ƙarami na busasshen barkono, sai benci a bakin ƙofa inda masu niƙa suke jera kwanukansu da bokitai. Tun yana saurayi yake wannan aiki. A cikinsa ya yi aure, ya aurar da ƙannensa mata, ya sa 'ya'yansa a makaranta. Wanda ya gan shi da yamma zai rantse tsoho ne tukuf, don garin niƙa ya yi masa furfura har a gira da gashin ido. Sai ya yi wanka ka ga ashe da sauransa.

Ba mai yawan magana ba ne, ƙarar inji ta koya masa magana da hannu. Abin da ya fi yi da baki shi ne tari, kuma tarin Kawu ba irin na kowa ba ne. Can ƙasa yake farowa kamar ana jan benci a kan siminti, ya hau, ya ɗan tsaya, sannan ya ƙare da wani siririn fito. Matan layin ba sa aikawa a dubo ko an buɗe shago. In sun ji fiton nan sun san Mai Inji ya iso. Shi bai ɗauke shi ciwo ba. In an yi masa sannu sai ya nuna maƙwabciyarsa mai gawayi ya ce, "Ita baƙi take kwasa ta kai gida, ni tari."

Taba kuwa, ko a ƙuruciya bai sa ta a bakinsa ba. Mai sha a gidansu ƙaninsa ne, wanda kowa yake kira Direba saboda motar haya da yake ja. Direba a fili yake sha, kara yana mutuwa yana kunna wani. Kawu ya yi faɗan, ya yi lallashin, ya haɗa shi da manya, duk a banza.

"Kai dai ka bari, Direba," in ji Kawu. "Dubi leɓenka yadda ya koma."

"Yaya, ni da nake sha garau nake, kai da ba ka sha kai ne kullum cikin tari. To wa ya kamata ya yi wa wani faɗa?"

A nan maganar take tsayawa kullum.

Wata rana wani maƙwabci da yake aiki a gidan rediyo ya kawo niƙan masarar matarsa. Ɗan Rediyo ake ce masa a layin, shi yake karanta sanarwa. Yana tsaye Kawu ya kashe inji ya yi tarinsa na kullum. Ɗan Rediyo ya ajiye bokiti ya ce, "Mai Inji, sake yi in ji."

"In sake me?"

"Tarin nan. Wallahi shi muke nema."

Ya yi masa bayani. Wata ƙungiya ce mai faɗakar da mutane illar taba, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Sun so su yi a talabijin, aka faɗa musu farashi suka ja da baya. Sun gwada allon bakin titi, rana ta cinye fentin, rabin masu wucewa ma ba su ɗaga kai ba. Suka ga rediyo ne daidai aljihunsu, a naɗa sau ɗaya a yi ta sakawa, kuma yana shiga kicin da tasha da gona. Abin da ya rage musu tari ne na gaske da za a buɗe sanarwar da shi.

"Ni da mai haɗa sauti mun yi ta yi har maƙogwaro ya yi ciwo," in ji Ɗan Rediyo. "Malamar ƙungiyar ta ce na wasa ne, ko yaro ba zai tsorata ba. Ɗan wasan kwaikwayo kuma sai an biya shi."

"To ai ni ba na shan taba."

"Wa ya ce kana sha? Ba sunanka, ba maganarka. Tari ai ba shi da suna, Mai Inji."

Kawu ya auna ya ga kamar haka ne. Ya kuma tuna Direba. Ya ce to. Ɗan Rediyo ya fito da waya ya kara masa a baki, sai tarin ya ƙi zuwa. Suka jira, shiru. A ƙarshe Kawu ya tayar da injin barkono na ɗan lokaci ya kashe, nan take tari ya zo cikakke, da jan bencinsa da fitonsa. Ɗan Rediyo ya tafi yana murna har ya manta da masararsa.

Ranar da aka fara sakawa, an ɗauke wuta da hantsi, inji yana kashe, mata sun cika benci suna jira. Rediyon mai faci yana kunne kamar kullum. Sai aka ji tari ya cika layin, ya hau, ya tsaya, ya yi fito. Wata murya ta biyo baya a hankali: "Ka ji wannan? Nan taba take kai mai shanta. Ka daina tun kana da sauran numfashi."

Hira ta tsaya cak. Matan suka juyo gaba ɗaya suna kallon Kawu, wanda yake zaune a kan buhun dusa bakinsa a rufe. Da ya yi haƙuri kaɗan wataƙila da abin ya wuce, amma kallon ya shaƙe shi, ya yi tari. Sak wanda aka gama ji.

Mai gawayi ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Mai Inji, ashe kai ma?"

"Ba haka ba ne, ara suka yi."

"Ara? Ana aron tari?"

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ya tarar da matarsa ta zazzage aljihunan rigunansa a kan gado tana shinshina su ɗaya bayan ɗaya.

"Duk zaman nan da muka yi, baban yara? A ina kake ɓoyewa kake sha?"

"Wallahi ban taɓa sha ba. Ke ma kin sani."

"Da na sani. To rediyo ƙarya zai yi maka? Me ka tare musu?"

Ya zaunar da ita ya ba ta labarin Ɗan Rediyo da injin barkono, ta yarda. Da safe tana haɗa shayi aka sake saka sanarwar, muryar nan ta sake cewa nan taba take kai mai shanta, sai ta ɗago ta yi masa wani kallo ta mayar da kai. Haka suka zauna, da yamma ta yarda, da safe ta koma shakka.

Kawu ya yi niyyar zuwa gidan rediyon ya ce a cire. Ya ma sa hula zai fita, sai ga motar Direba ta tsaya a ƙofar shago ba ko fasinja a ciki. Direba ya sauko ya zauna a benci, ya fito da kwalin sigari da ashana ya ajiye a tsakaninsu.

"Ina kan hanya na ji a rediyo, Yaya. Saura kaɗan in faɗa kwata. Na ce wannan ai yayana ne." Ya goge fuska. "Ashe shi ya sa kake damuna. Kai da kake sha a ɓoye, ɗan abin da ba a rasa ba, ga yadda ta mayar da kai. Ni da nake zuƙe kwali a gaban kowa fa? Me yake cikin ƙirjina?"

Kawu ya buɗe baki zai faɗa masa gaskiya, sai ya ga ƙaninsa ya miƙa hannu. Direba ya ɗauki kwalin ya murƙushe ya jefa a kwata, ya bi shi da ashanar. Kawu ya rufe bakinsa, ya cire hula ya rataye.

Daga baya ya ce mini, "Shekara da shekaru ina yi masa magana da baki bai ji ba. Yau ya ji, kuma ba ni na yi maganar ba. To in ce masa me?"

Direba ya sha wuya. Ya tauna tsinken sakace har ba adadi, ya yi faɗa da fasinjoji a kan abin da bai kai ya kawo ba, matarsa ta ce ko ƙofa aka rufe da ƙarfi sai ya tashi da masifa. Amma bai koma ba. A tasha duk lokacin da aka sa sanarwar sai ya ƙure muryar rediyo ya ce, "Ku saurara, yayana ne wannan, uwa ɗaya uba ɗaya!" Har wasu abokan aikinsa suka bi sahunsa. Yakan biyo ta shago ya dafa kafaɗar Kawu ya ce, "Mu daure, Yaya. Na san da wuya. In ta taso maka ka kira ni, kowane lokaci." Kawu ya ce to, ya gode.

Tari kuwa bai san ana yi ba, gaba yake yi. Kawu ya fara haki in ya ɗaga buhu, abin da a da yake yi da hannu ɗaya. Tafiyar gida zuwa shago sai ya tsaya a hanya ya dafa bango. Ya je wurin mai kemis, yana shiga ya yi tari, mai kemis ya yi dariya ya ce, "Baba na rediyo! Ai maganinka yana hannunka, ka bar ta kawai." Ya je ƙaramin asibitin unguwa, ma'aikaciyar jinya ta gane shi tun yana kan layi.

"Yaushe ka daina, Baba?"

"Ban fara ba," in ji Kawu ƙasa-ƙasa, don bencin jira cike yake da 'yan unguwa, kuma abin da aka faɗa a nan zai riga shi isa tasha.

"Duk haka kuke cewa." Ta ba shi maganin tari na kwalba ta ce ya yi haƙuri, ƙirji yakan ɗau lokaci kafin ya washe bayan an daina.

Ya shanye kwalbar, ya sayi wata, ba abin da ya canza. Abin ya fara ruɗa shi da kansa. Wata rana da na je gaishe shi ya ce, "Kai da ka ɗan yi makaranta, tari iri-iri ne? Ana gane na taba da wanda ba na taba ba?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ko hayaƙin Direba ne da na yi ta shaƙa ya taru? Kowa ya ce taba ce. Mai kemis ya ce, asibiti sun ce, rediyo ya faɗa safe da rana. Ni kaɗai ne na ce a'a, kuma ni ban yi karatun komai ba." Sannan ya ce, "Amma ai da na sha zan tuna, ko?"

Ana cikin haka Ɗan Rediyo ya kawo Malamar ƙungiyar ta yi godiya. Mace ce mai fara'a, ta zauna a bencin ba ta damu da garin da ya ɓata mata zane ba. Abin da aka gaya mata kawai shi ne wani dattijo ne a unguwa ya ba da tarin, sauran ita ta cike da kanta.

"Baba, ba ka san abin da ka yi ba," in ji ta. "Mun bi gida-gida muna tambaya. Kusan duk wanda muka tarar ya ji sanarwar, kuma da yawa sun ce sun daina ko sun rage. In ka ɗauki ɗan abin da muka kashe ka raba wa waɗanda suka daina, na kowane mutum ɗaya bai kai abin da majinyaci yake ci a kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Duk abin da muka gwada, ba wanda ya kama ƙafar wannan."

Kawu ya daɗe yana juya maganar. "Wato tarina ya yi araha?"

"Ba araha kaɗai ba, Baba, ya yi riba."

"Ribar wa?"

"Ta kowa. Wanda ya daina ya tsira da lafiyarsa, iyalinsa sun huta, asibiti ya samu gado."

"To ni ina nake a cikin lissafin? Cikin waɗanda suka daina?"

"Ai kai ne na farko."

Kawu ya dubi Ɗan Rediyo. Ɗan Rediyo ya ɗaga kai yana nazarin kwanon rufi kamar yau ya fara ganinsa. Kawu ya so ya yi magana, ya tuna 'yan tasha, ya tuna duk gidajen da matar nan ta shiga da ƙafarta. Bai san ko in ya faɗa lissafin zai rushe ba, ko mutanen da suka daina za a cire su ne, ko su da kansu za su koma. Kafin ya gama tunani tari ya turnuƙe shi, irin wanda bai taɓa yi a gaban baƙo ba. Ya dafa inji ya sunkuya, fiton ya ƙi fita, idonsa ya yi ja.

Murmushin Malama ya ɗauke. "Wannan ya fi wanda muka naɗa muni."

"Ko mu sake naɗa?" in ji Ɗan Rediyo.

Ta yi masa kallon da ya sa ya mayar da wayarsa aljihu. Ta ce wa Kawu wannan ya wuce maganin kwalba, akwai likitan ƙirji a babban asibiti, za ta kira ta gaya masa yana zuwa, kuma kada ya bari makon ya fita.

Direba ne ya ce shi zai kai shi. Abin da ya faru a can daga bakin su biyun na ji, kowa da nasa, amma sun haɗu a kan mafi yawansa. Da aka kira Kawu ya ce wa ƙaninsa ya jira a waje. Direba ya ce, "Haba Yaya, tare muka daina, tare za mu shiga," ya riga shi tura ƙofa.

Likitan dattijo ne marar gaggawa. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjin Kawu da bayansa, ya sa shi ya ja numfashi ya sake, ya daɗe yana ji. Sannan ya zauna ya ce, "Kara nawa kake sha a rana, kuma tun yaushe?"

"A ɓoye yake sha, likita," in ji Direba. "Ko matarsa ba ta sani ba. Amma ya daina, ni shaida ne."

"Bari ya faɗa da bakinsa." Likita ya juya ga Kawu. "Baba, amsar da ka ba ni ita za ta nuna mini inda zan duba. In ka ba ni wadda ba ita ba, zan je neman ciwo inda ba ya nan, wanda yake nan kuma ya ci gaba da cinka."

Kawu ya ce a lokacin ya ji ɗakin ya yi masa kaɗan. Ya dubi ƙaninsa, ya ga fuskar ta cika, leɓen ya fara washewa, tsinken sakace a gefen baki. Ya ja numfashi zai ce kara biyu ko uku a rufe maganar, numfashin ya tsaya masa a rabin hanya ya ƙi ƙarasawa.

"Ban taɓa sha ba, likita. Ko sau ɗaya."

"Yaya, ba kunya a nan, likita ne."

"Ban taɓa sha ba, Direba. Ara suka yi."

Likita bai nuna mamaki ba. Ya ce, "Mene ne aikinka?" Kawu ya faɗa. Ya tambaye shi ko tarin yana sauƙi ranar da bai buɗe shago ba, Kawu ya yi tunani ya ce kamar haka ne, sai dai ba kasafai yake rufewa ba. Aka tura shi hoton ƙirji, aka sa shi ya hura wata na'ura har ya ga jiri. Da suka dawo likita ya ce ƙurar gari da barkono ce ta daɗe tana cin hanyar numfashinsa. Ba a makara ba, amma dole ya fita daga cikin ƙurar, ya samu mai tsaya masa a kan inji, in zai leƙa ya sa takunkumi. Ya rubuta masa ƙwayoyi da wani ɗan abin fesawa a baki, ya nuna masa yadda ake yi.

Direba ya ce, "To likita, ni saboda me na daina? Saboda garin masara?"

"Sanarwar ba ta yi maka ƙarya ba," in ji likita. "Irin ku nake gani a nan kullum, wasu ma tarin ba sa iya yi. Mai tarin ne kawai aka samu ba daidai ba."

Suka karɓi magani suka fito. Direba ya shiga mota ya riƙe sitiyari bai tayar ba. Kawu ya zauna a gefe da leda a cinya. Bai san ko haƙuri zai ba shi ba, ko shi ya kamata a ba wa.

"Ka bar ni ina dafa kafaɗarka ina cewa mu daure," in ji Direba yana kallon gaba. "Na tara 'yan tasha ina nuna musu kai. Yanzu in ce musu me?"

"Ni ma ban sani ba."

"Kai ba ka sani ba, ni ban sani ba. Madalla."

Tafiyar daga ɗakin magani zuwa mota ta sa ƙirjin Kawu ya fara kuka, ya buɗe leda ya fito da abin fesawar. Ya girgiza shi kamar yadda aka ce, ya sa a baki ya danna, maganin ya fito ta gefen baki ya bi iska. Ya sake, ya fesa a harshe ya yamutsa fuska.

Direba yana kallonsa ta wutsiyar ido. A na uku ya kasa haƙuri ya fizge abin.

"Ba haka ba, za ka ƙarar da shi a banza. Fitar da iskar cikinka tukuna, duka. Yawwa. Rufe leɓe a kai. In na danna ka zuƙa a hankali har can ƙasa, ka riƙe, kada ka saki sai na ce."

Ya danna. Kawu ya zuƙa, ya ƙware, ya yi tari har da hawaye.

Direba ya girgiza kai. "Lallai ba ka taɓa sha ba. Ko zuƙa ba ka iya ba." Ya goge bakin abin da gefen rigarsa ya sake kai masa. "Sake. A hankali na ce, Yaya, ba shayi ba ne."

A wannan karon ya shiga. Kawu ya riƙe, idonsa a kan ƙaninsa, har Direba ya ɗaga yatsa ya ce saki. Ya saki, ya zauna yana sauraron ƙirjinsa, ya ja wani numfashin, wannan ya tafi har ƙasa bai tsaya a hanya ba.